Sharhi kan stalld, mai ceto zaren da yunwa ta kama a sabobin Linux

A ido sabar lafiyarta ƙalau. Fitilun gabanta kore, fakiti na shiga na fita, manhajar da aka sayi injin dominta tana ta aikinta. Amma ka shiga ta SSH ka ce a tayar da sabuwar kwantena, ko a sauke wani faifai da umount, sai umarnin ya tsaya cak. Ka danna Ctrl-C, shiru. Ka buɗe wata taga ka aika masa kill -9, ko gezau. Ka duba da ps sai ka ga harafin D a gabansa, alamar yana jiran wani abu a cikin kenel, wato zuciyar Linux, kuma ba ya sauraron kowa. Bayan minti biyu dmesg ya fara ƙorafin cewa wani aiki ya maƙale fiye da sakan 120. A nan ne yawancin masu kula da saba suke kiran wanda ke kusa da ɗakin injina, ko a Ikeja ko a Lekki, su ce ya je ya danna maɓalli. Injin ya tashi, komai ya dawo daidai, bayan kwana uku a koma gidan jiya.

Ba faifai ba ne, ba kuma ƙwaƙwalwar injin ba ce. Wani ɗan ƙaramin zare (thread) na kenel ne, wato wani guntun aiki mai gudana, aka hana shi hawa furosesa, shi kuma umarninka shi yake jira. Wannan cuta ce aka rubuta manhajar stalld dominta, kuma ita ce kaɗai cutar da yake magani.

Sai an fahimci yadda Linux ke raba lokaci kafin a gane amfaninsa. Kowace ƙwayar furosesa (core) tana da layin jiranta, kuma masu jiran ba matsayinsu ɗaya ba. A can sama akwai zaren migration na kenel, wanda ba mai ture shi. Ƙasa da shi ajin SCHED_DEADLINE, sai ajin kan-lokaci, wato SCHED_FIFO da SCHED_RR masu daraja daga 1 zuwa 99, sai talakawa na SCHED_OTHER inda kusan kowace manhaja take. Dokar FIFO kuwa ba ta da tausayi: wanda ya hau ba ya sauka sai ya ga dama, ko wanda ya fi shi daraja ya zo. To akwai manhajojin da ba sa taɓa ganin dama. Mai karɓar fakiti na DPDK, kayan aikin sarrafa fakiti cikin sauri, ba ya jiran katin netwok ya kira shi, leƙa katin yake yi ba tsayawa, ƙwayar tana kan kashi 100 cikin 100 dare da rana ko da babu fakiti ko ɗaya. Haka manhajar rediyon 5G da ake gudanarwa a kan saba, haka wasu na'urorin sarrafa injinan masana'anta. Idan aka ba irin wannan zare darajar FIFO aka ɗaure shi a ƙwaya ta 3, ya zama tirelar da ta gindaya a hanyar Apapa: duk wanda ke bayanta sai haƙuri.

Matsalar ita ce akwai waɗanda ba su da wata hanya sai wannan. Kenel na da zarurruka da aka haifa wa kowace ƙwaya, irin kworker/3:1 da ksoftirqd/3, kuma ba sa ƙaura. Idan wani aiki a ƙwaya ta 0 ya buƙaci kowace ƙwaya ta zubar da 'yan shafukan ƙwaƙwalwa da ta riƙe, sai ya aika saƙo ga kworker na kowace, ya zauna jiran a gama. Na ƙwaya ta 3 ya farka, ya shiga layi, bai taɓa samun hawa ba. Mai jiransa yana riƙe da wani makulli, wani ya zo neman makullin shi ma ya tsaya, a haka layi ke tsawo har injin ya zama ba ya karɓar umarni, alhali manhajar da ta haddasa abin tana cin kasuwarta.

Linux na da tsohon maganinsa. A /proc/sys/kernel akwai sched_rt_period_us mai lamba 1000000 da sched_rt_runtime_us mai lamba 950000. Ma'ana, a kowane sakan ajin kan-lokaci zai ci milisakan 950 ne kawai, a bar wa talakawa 50. Ga sabar ofis wannan ya wadatar. Ga mai DPDK kuwa annoba ce. Layin gigabit 10 cike da ƙananan fakiti masu bayit 64 yana kawo fakiti miliyan 14.88 a sakan. Dakatar da mai karɓa na milisakan 50 na nufin fakiti 744,000 sun iso ba mai tarbarsu, alhali ma'ajiyar jiran katin wataƙila gurbi 1024 ko 4096 gare ta. A ɓangaren rediyo ma haka: a zangon 3.5 GHz, wanda hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjonsa a Disambar 2021, tsarin da aka fi amfani da shi yana yanka lokaci maikurosakan 500-500, don haka milisakan 50 ya cinye yanka 100 ke nan. Shi ya sa duk mai irin wannan aiki yake rubuta -1 a sched_rt_runtime_us ya kashe takunkumin, kuma saitin realtime na tuned, manhajar daidaita saitin inji, shi ma haka yake yi. An gudu ba a tsira ba, domin da takunkumin ya tafi sai yunwa ta shigo.

Ma'aikatan Red Hat ne suka rubuta stalld a 2020, musamman Clark Williams da marigayi Daniel Bristot de Oliveira, kuma kyauta ne ƙarƙashin lasisin GPL. Dabararsa ba ta da wuyar faɗa. Yana zaune a bayan fage yana leƙa layukan jira. Idan ya ga zare yana shirye ya hau amma an ɗauki tsawon lokacin da ka ƙayyade bai hau ba, sai ya ɗaga shi na ɗan lokaci zuwa SCHED_DEADLINE, ajin da ya shiga kenel tun 3.14 a 2014 kuma yake saman FIFO ko da mai daraja 99 ne. Kyawun wannan aji shi ne ba hawa kawai yake bayarwa ba, yana auna shi. Saitin asali na stalld maikurosakan 20 ne a kowane sakan 1, na tsawon sakan 3, daga nan a mayar da zaren matsayinsa na da. Kamar ɗan LASTMA ne, mai ba motoci hannu a Legas, da ya ɗaga wa tirela hannu, mai babur ɗaya ya wuce, ya sauke hannun. Idan aka kwatanta da milisakan 50 na tsohon takunkumi, wannan ya fi ƙanƙanta sau 2,500, kuma ba kowane sakan ake cirewa ba, sai lokacin da akwai mai jin yunwa. A layin gigabit 10 ɗin nan, maikurosakan 20 fakiti kusan 300 ne, ma'ajiya mai gurbi 1024 za ta shanye su ba tare da ko ɗaya ya zube ba.

Sakawa ba ta da labari. A RHEL 8 da 9 da 'yan uwansu Rocky da AlmaLinux da Fedora:

dnf install stalld

Amma kada ka yi saurin kunna shi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma yana da tsada, domin da zarar ya fara ɗaga zarurruka alamun cutar za su ɓace, ba za ka san me ke damun injinka ba. Fara da tabbatar da rabon ƙwayoyi, wato waɗanda aka keɓe wa manhajar da na hidima da aka bar wa sauran ayyuka. Umarnin lscpu -e zai nuna maka waɗanne lambobi ne tagwaye a kan ƙwayar ƙarfe ɗaya, saboda keɓe ɗaya a bar tagwayenta ga sauran ayyuka aikin banza ne. Duba /proc/cmdline ka ga saitunan keɓe ƙwayoyi, isolcpus da nohz_full da rcu_nocbs, suna ɗauke da jeri iri ɗaya. Sannan ka ga wa ke zaune a ina:

ps -eLo psr,cls,rtprio,stat,comm

Duk layin da ke da FF a gurbi na biyu mai FIFO ne. Bayan haka ka tayar da stalld da hannu a yanayin kallo kawai, wanda yake rubuta abin da ya gani ba tare da ya taɓa kowa ba:

stalld -f -v -l -c 2-15 -t 10

A nan -f na hana shi komawa bayan fage, -v na sa shi yawan magana, -l shi ne kallo kawai, -c jerin ƙwayoyin da zai sa wa ido, -t kuma sakan nawa ne za a kira yunwa. Ka tabbata sched_rt_runtime_us yana kan -1 a lokacin gwajin, in ba haka ba tsohon takunkumi zai riƙa ciyar da kowa, kai kuma ka tashi da rahoton cewa ba matsala. Ka bar shi kwana ɗaya cur da aiki na gaske a kai, har da lokacin da ake ajiyar kwafin bayanai da dare da lokacin da ake sabunta kwantenoni. Sunayen da ya lissafa maka su ne ainihin ribar wannan manhaja.

Mai son ganin abin da idonsa zai iya haddasa yunwar a injin gwaji. A taga ɗaya:

taskset -c 3 chrt -f 10 sh -c 'while :; do :; done'

A wata tagar ka rubuta taskset -c 3 ls. Umarnin da ya saba dawowa kafin ka ɗauke yatsa zai tsaya yana kallonka. A taga ta uku stalld zai ambaci sunansa da lambarsa da ƙwaya ta 3 da sakan nawa ya yi yana jira. Yanzu cire -l ka sake gwadawa. A nan mutane da yawa suke cewa manhajar ba ta aiki, domin za su ga an rubuta cewa an ɗaga shi, amma ls bai dawo ba. Lissafi ne. Maikurosakan 20 sau 3 kusan 60 ke nan a kowane zagaye. A ce umarnin na buƙatar milisakan 2 na furosesa, sai ya yi zagaye sama da 30, kuma bayan kowane zagaye sai ya sake jiran cikar wa'adin yunwa. Da wa'adin sakan 20, magana ake ta sama da minti 12. Wannan cokalin abinci an auna shi ne don kworker, wanda yawanci aikinsa 'yan maikurosakan ne ya koma barci. Ba a yi shi don ciyar da cikakkiyar manhaja ba. Idan rahotonka na nuna sunayen manhajoji irin sshd ko wani wakilin sa ido suna jin yunwa a keɓaɓɓiyar ƙwaya, ba stalld kake buƙata ba tukuna, keɓewarka ce take yoyo.

Saitin dindindin yana /etc/sysconfig/stalld, layi-layi da bayani a kan kowane. CLIST na jerin ƙwayoyi, BP na tsawon zagaye, BR na girman cokali, duka biyun a nanosakan, BD na tsawon ɗagawa a sakan, THRESH na wa'adin yunwa. Batun nanosakan ɗin nan a kula da shi. Maikurosakan 20 ana rubuta shi 20000, sakan 1 kuma 1000000000, sifili tara. Sifili ɗaya ya ƙaru a BR ka ba da maikurosakan 200, wanda a layin gigabit 10 fakiti kusan 3,000 ne, ya wuce ƙarfin ma'ajiya mai gurbi 1024. Sifili ɗaya ya ragu a BP kuma ka ninka yawan katsewar sau 10. Lambobin da ke zuwa a fayil ɗin suna bambanta daga fitowa zuwa fitowa, don haka ka rubuta naka da kanka, kada ka dogara da abin da ka tarar.

Wa'adin yunwa ne ya fi cancantar a zauna a kansa. Akwai agogo da dama a injin da suke ƙirga nasu lokacin, kuma so ake stalld ya riga su. Mai gadin RCU, wani tsarin daidaita aiki tsakanin ƙwayoyi a cikin kenel, yana fara kuka a sakan 21 a kenel na asali, a 60 a na RHEL, kuma za ka ga naka a /sys/module/rcupdate/parameters/rcu_cpu_stall_timeout. Mai gadin ayyukan da suka maƙale yana kan 120. Shi kuma systemd yana ba hidima sakan 90 ta tashi kafin ya yanke mata hukunci. Ƙari a kan haka, stalld ba kullum idonsa ke buɗe ba, yana leƙawa ne duk sakan 5 sai in ka canza da -g, saboda haka jira mafi muni shi ne wa'adin haɗe da wannan tazara. Sannan jira na iya jeruwa. Idan tayar da kwantena ɗaya ya bi ta wurare uku da kowane ke jiran kworker na keɓaɓɓiyar ƙwaya, wa'adin sakan 30 ya zama 90 ko fiye, ka ga kwantenoni suna faɗuwa wajen tashi alhali rahoton stalld na nuna yana aikinsa. A ganinmu tsakanin sakan 5 zuwa 10 ya fi dacewa da injin da ake yawan tayarwa da kashe kwantenoni a kansa, da -g a kan 1 ko 2. Injin da aka kunna aka bari yana abu ɗaya, 20 ta ishe shi. Rage wa'adin ba ya ƙara girman katsewa, yawanta kawai yake iya ƙarawa.

Yanayin aikinsa uku ne. Na -O zare ɗaya ne ke duba duk ƙwayoyi, ya fi sauƙin nauyi amma bai cika daidaiton lokaci ba. Na -M yana tayar da mai gadi na musamman ga ƙwayar da aka ga wani ya kai rabin wa'adi a kanta. Na -A kowace ƙwaya da mai gadinta ko da ba abin da ke faruwa, kuma a injin mai ƙwayoyi 64 ko 128 wannan nauyi ne da ba ka bukata. Mafi yawan injina na farko ya ishe su.

Inda yake samo labari shi ma zaɓi ne, kuma a nan ne tsohuwar fitowarsa ta fi rauni. Hanyar farko, sched_debug, karanta wani dogon rubutu take yi da kenel ke fitarwa domin masu gyara, a /proc/sched_debug, wanda daga kenel 5.13 ya koma /sys/kernel/debug/sched/debug. Rubutun na ɗauke da kowane zare na injin, a babbar saba yana da tsawo ƙwarai, kuma ba alkawarin cewa tsarinsa zai zauna yadda yake. An sha ganin sabon kenel ya sauya jerin ginshiƙan, tsohon stalld ya kasa karantawa. Hanya ta biyu, queue_track, tana amfani da eBPF, fasahar gudanar da ƙananan manhajoji a cikin kenel, ta bi shige da ficen layin kai tsaye, ana zaɓenta da -b. Ko wacce ka ɗauka, doka ɗaya ce: duk ranar da ka sabunta kenel ka sabunta stalld tare da shi, ka kuma maimaita gwajin taga uku ɗin nan. Ganin systemctl status ya ce yana gudana ba shaida ba ce cewa yana gani.

Da ka gamsu sai:

systemctl enable --now stalld

Ka bi shi da journalctl -u stalld -f. Ka kuma tabbatar shi kansa yana zaune a ƙwayoyin hidima, ba a keɓaɓɓu ba, da taskset -cp da lambarsa. Mai gadin da ya shiga layin da yake gadi, shi ma yunwar za ta kama shi. Saitin cpu-partitioning da na realtime na tuned suna tura hidimomin systemd zuwa ƙwayoyin hidima, amma wanda ya yi keɓewarsa da hannu sai ya duba.

Akwai abubuwa biyu da yake yi wa injinka a ɓoye, kuma ya kamata a ce takardunsa sun fi fito da su fili. Na farko, yana kashe tsohon takunkumi. Fayil ɗin hidimarsa na kiran wani ɗan rubutu mai suna throttlectl kafin ya tashi da bayan ya tsaya. Ba son rai ba ne: muddin takunkumin na kunne, kenel ba ya yarda a ba zaren da aka ɗaure a ƙwaya ɗaya matsayin SCHED_DEADLINE, kworker kuwa a ɗaure yake. Abin da wannan ke nufi shi ne sanya stalld a sabar da ba ta aikin kan-lokaci cire mata kariya ne mai ƙarfi a musanya da mai rauni. Kuma idan da hannu ka tayar da shi aka kashe shi da kill -9, ba mai mayar da lambar, injin ya zauna ba takunkumi ba mai gadi. Duk lokacin da ya tsaya, ta kowace hanya, ka karanta sched_rt_runtime_us ka ga inda aka bar ka.

Na biyu ya fi ɓuya. Kafin kenel ya iya sauke zare daidai kan maikurosakan 20 sai an kunna masa agogo mai kaifi, HRTICK, ko HRTICK_DL a sababbin kenel, ta fayil ɗin features da ke debugfs. Stalld na ƙoƙarin kunna shi da kansa. Amma a injin da Secure Boot ya sa kenel cikin kulle, ba a barin kowa ya taɓa irin waɗannan fayiloli. Idan ba wannan agogo, sai bugun agogo na yau da kullum ya zo ake lura cewa lokacin zaren ya ƙare, wato har milisakan 1 a kenel mai bugu 1000 a sakan. Cokalinka ya zama ludayi, ninki 50. Kworker mai ɗan aiki ba zai kai can ba, amma mai dogon aiki zai kai. Hanyar sani ita ce awo: ka gudanar da oslat na kunshin rt-tests ko rtla osnoise a kan keɓaɓɓiyar ƙwaya na sa'o'i, ka dubi katsewa mafi tsawo, ka haɗa lokacinta da rahoton stalld. Matsakaicin lamba ba ta da amfani a wannan sana'a, mafi muni ake kallo.

Zaɓin -F, wanda ke ɗagawa da FIFO maimakon SCHED_DEADLINE, a guje shi sai dole. A wannan yanayi ba kenel ke auna cokalin ba, stalld ne ke ɗagawa ya jira ya sauke da hannunsa, kuma in ya makara zaren ya ci fiye da rabonsa. Su kuma -i da -I, masu cewa kar a taɓa wasu zarurruka ko manhajoji, suna da amfani idan manhajarka da gangan take barin wani zarenta yana jira, amma tsarin daidaita sunan da suke karɓa yana da faɗi. Ka rubuta kalma gajera ta kama har da kworker, ka yi gyaran gangar Auzinawa.

Masu injin cikin inji su lura. Idan zarurrukan vCPU na KVM, masu zaman furosesar injin baƙo, suna gudana da FIFO a kan uwar saba, a cikin baƙon kuma akwai mai leƙen fakiti da FIFO, yunwa biyu ce a hawa biyu. Stalld na uwa ba ya ganin layin jiran baƙo, kowane kenel sai da nasa.

Akwai kuma waɗanda sunan cutar ke ruɗa su. Manhajar Java ko .NET da zarurrukanta suka ƙare saboda duk suna jiran rumbun bayanai ita ma ana cewa yunwar zare ta kama ta, amma wannan wata cuta ce daban. Waɗancan zarurruka barci suke, ba sa cikin layin furosesa, stalld kuwa wanda ke tsaye a layi kawai yake gani. Haka nan ba ya maganin katsewar da ke zuwa daga ƙarfen kansa. Tsohuwar saba ta hannu, irin tokunbo da ake samu a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, in batirin allonta ya mutu, ɗaukewar wuta ɗaya tsakanin layin gwamnati da janareta ta isa ta mayar da BIOS saitin masana'anta, yanayin barcin furosesa ya dawo, jinkiri ya ƙaru. Ɗakin da sanyinsa bai isa ba kuma furosesa da kanta take rage gudu. Wannan aikin hwlatdetect ne da turbostat.

Komawa kan jerin sunayen da yanayin kallo ya ba ka, domin a nan ne aikin gaske yake. Idan ksoftirqd ne ke yawan fitowa, akwai katsewar wata na'ura da ke sauka a keɓaɓɓiyar ƙwaya. Ka kalli /proc/interrupts ka ga ginshiƙin da ke hawa, ka hana irqbalance taɓa waɗannan ƙwayoyi. Idan kworker mai harafin u a sunansa ne, wannan ba a ɗaure yake ba, ka gyara /sys/devices/virtual/workqueue/cpumask ya koma ƙwayoyin hidima. Idan kworker na ƙwayar ne, sau da yawa manhajar ce ke jawo shi da kanta: tana rubuta rahoto zuwa faifai daga zaren leƙe, ko tana neman sabuwar ƙwaƙwalwa a tsakiyar aiki maimakon ta tanada tun farko ta kulle da mlockall. Kowane ɗayan nan ka gyara, rahoton zai ragu. Injin da aka gyara da kyau stalld na iya yin sa'o'i bai ce uffan ba. Wanda yake ɗagawa kowane minti, tsugune ba ta ƙare ba.

Sannan tambayar da ba a cika yi ba: shin zaren leƙen yana buƙatar FIFO tun farko? A keɓaɓɓiyar ƙwayar da ba kowa sai shi, zaren SCHED_OTHER ma shi kaɗai zai yi ta gudu, kworker ya zo ya yi ɗan aikinsa ya wuce, ba yunwa ba mai gadi. DPDK da kansa ba ya ɗora zarurrukansa a FIFO sai an sa shi. Abin da ka rasa shi ne iyaka, domin ba mai auna tsawon zaman kworker. Mai rediyon 5G ba zai yarda da haka ba, kuma da gaskiyarsa. Amma mai tura fakiti a ƙaramin kamfanin intanet da ke haɗe da IXPN, mahaɗar intanet ta Najeriya, wanda ma'ajiyar katinsa ke da gurbi 4096, ya gwada ya auna kafin ya ɗauki nauyin da ba nasa ba.

Kenel 6.12 na Nuwamban 2024, wanda a cikinsa ne PREEMPT_RT, gyaran kenel na kan-lokaci, ya shiga babban reshe, ya zo da wani abu da ya taɓa wannan fage. An maye gurbin tsohon takunkumi da abin da ake kira fair server: kenel da kansa yana ware wa talakawa milisakan 50 a sakan ta hanyar SCHED_DEADLINE, kuma ba ya karɓa sai in akwai wanda aka hana hawa. Ana saita shi ƙwaya-ƙwaya a /sys/kernel/debug/sched/fair_server. Tunanin stalld ne ya koma cikin gida, ba karanta rubutu, ba jiran sakan 20. Sai dai milisakan 50 ɗin nan ita ce dai lambar da ta zubar da fakiti 744,000 a lissafinmu na sama, don haka mai ƙaura zuwa sabon kenel dole ya rage ta ko ya san yadda za ta zauna da stalld, kada su biyun su riƙa cin lokacin manhajarsa. Kuma talakawa kawai yake ceto. Zaren FIFO mai daraja 1 da na daraja 10 ya danne ba ya cikin lissafinsa, alhali a kenel na kan-lokaci akwai zarurrukan kenel da ke zaune a ajin FIFO. RHEL 8 na kan kenel 4.18, RHEL 9 na kan 5.14. Mai irin waɗannan, da ƙwayoyi keɓaɓɓu, da zaren FIFO da ba ya sauka, da -1 a sched_rt_runtime_us, ya saka stalld a yau, ya fara da -l. Wanda ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan bai same shi ba, ya bar 950000 ɗinsa inda take.